Zagayen Cikin Birnin Kano A Adaidaita Sahu Tare Da Baƙi Daga Tamanrasset

Duk wanda ya kwana biyu bai shigo Kano ba, abin da zai fara cika masa ido shi ne launin ruwan ɗorawa. Daga Ƙofar Nasarawa har Kabuga, daga Bata har Kurna, babu inda mutum zai waiwaya bai ga babur mai ƙafa uku ba, wanda Kanawa ke kira Adaidaita Sahu, wasu kuma su taƙaita su ce ɗan sahu. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko buhun masara daga Dawanau, kuma shi ke kai 'yan rakiyar amarya idan motoci sun cika. To amma akwai wani aiki guda da har yanzu ba a ɗora masa ba, alhali kuwa babu abin hawan da ya kai shi dacewa da wannan aiki, wato ɗaukar baƙo a zagaya da shi cikin tsohon birni, a nuna masa unguwanni, a ba shi labarinsu.

Wannan ne ya sa muka gwada da kanmu. Mun yi baƙi biyu daga Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, waɗanda suka zo sarin kaya a Kantin Kwari. Ɗaya Bahaushe ne haifaffen can, wanda kakanninsa suka tashi daga ƙasar Damagaram, ya sha zuwa Kano amma bai taɓa wuce Kwari da Sabon Gari da masaukinsa ba. Ɗayan kuma Ba'abzine ne da ya yi shekaru yana sana'ar kai masu yawon buɗe ido cikin duwatsun Ahaggar. Muka ɗauki shatar ɗan sahu guda na yini ɗaya, mu uku a baya, muka ce da direba ba sauri muke yi ba, inda muka ce ya tsaya ya tsaya.

Yadda babur ɗin ya samu suna

Idan mai karatu bai manta ba, ba a Kano aka fara ganin wannan babur a Najeriya ba. A Legas ya yi suna a zamanin mulkin Kanar Buba Marwa, tsakanin 1996 da 1999, shi ya sa mutanen can ke ce masa Keke Marwa. Daga baya gwamnatin Obasanjo ta rarraba shi a ƙarƙashin shirinta na yaƙi da talauci, sai sunan Keke NAPEP ya bi shi. Sunan da muka sani a nan kuwa ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu, wanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar a 2004. A 2005 aka shigo da baburan domin mata su samu abin hawa su daina hawa acaɓa, sai jama'a suka laƙaba wa babur ɗin sunan shirin, shirin ya wuce, suna ya zauna, har ya tsallaka Maraɗi da Damagaram da Agadas.

Amma abin da ya mayar da shi sarkin titi shi ne abin da ya faru a watan Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur mai ƙafa biyu a cikin birni da kewaye, dubban 'yan acaɓa suka koma ɗan sahu. Yau idan suka ajiye aiki gari tsayawa yake yi cak, kamar yadda aka gani a yajin aikin da suka yi a 2021 da kuma farkon 2022 a kan harajin hukumar KAROTA, inda ma'aikata da ɗalibai suka riƙa takawa a ƙasa.

Asalin irin wannan babur daga ƙasar Italiya yake, inda kamfanin Piaggio ya fara ƙera shi a 1948, amma waɗanda ke kan titunanmu mafi yawansu ƙirar Indiya ne, na kamfanonin Bajaj da TVS. Mutanen Tailan su ke ce masa tuk-tuk, saboda ƙarar injinsa, kuma da wannan suna Turawa suka san shi.

Me ya sa muka ce shi ya dace da cikin birni? Ai lungunan birnin Kano ba don mota aka yi su ba. Don mai tafiya a ƙasa aka yi su, da jaki, da doki, da raƙumi mai ɗauke da kaya. Mota idan ta shiga wasu wuraren babu inda za ta juya, bas kuwa ko kusa. Tafiya a ƙasa tana da daɗi, sai dai rana da nisa kan karya wa baƙo gwiwa tun kafin azahar. Shi kuwa ɗan sahu gefensa a buɗe yake, kana ciki kana jin ƙamshin turare da na ƙosai, kana jin karatun almajirai, kana yi wa dattawan da ke zaune a dakali sallama suna amsawa.

Daga Gidan Makama zuwa Ƙofar Mata

Ta Ƙofar Nasarawa muka shiga, muka fara tsayawa a Gidan Makama, daura da Ƙofar Kudu ta gidan sarki. Tarihi ya nuna an gina wannan gida ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren wasu ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin zuwan Turawa. Amma mu abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ginin kansa, daurin guga da azara da kaurin bango, domin da ka shiga soro sai ka ji sanyi kamar an kunna na'ura, alhali waje rana ta fara zafi.

A nan muka fara gano bakin zaren matsalar. Direbanmu, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen cikin birni, wanda babu lungun da bai sani ba, ya shaida mana cewa kullum sai ya wuce ta ƙofar wannan gida sau da dama, amma bai taɓa sa ƙafarsa ciki ba. Muka ce ya kulle babur ya biyo mu. Yana ta kiranmu Baba yana tambaya, ƙarshe ma shi ya fi baƙin daɗewa a gaban hotuna.

Daga nan muka zagaya ta Babban Masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa a farkon shekarun 1950 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, muka gangara Ƙofar Mata wajen marina. Ana cewa tun 1498 ake rini a wannan karofi. Rijiyoyi ne masu zurfi da aka dabe, ana zuba ruwa da baba da toka a bar su su yi kwanaki suna tsima, sannan marini ya zauna a baki yana tsoma yadi yana ɗagowa ya sha iska, domin iskar ce ke fito da shuɗin. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launi. Ba da nisa ba kuma akwai mabuga, inda ake ɗora yadi a kan gungume ana bugun sa da manyan sanduna har ya yi ƙyalli, kuma wanda bai taɓa jin wannan sauti ba zai ɗauka kiɗa ake yi.

Baƙonmu Ba'abzine bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya ce wannan launi a kan mahaifinsa ya fara ganin sa. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da Abzinawa ke ji da shi, wanda ke zuba a fata har Turawa suka riƙa ce musu shuɗɗan mutane, turkuɗi ne, kuma mafi darajarsa daga ƙasar Kano yake fita, musamman garin Kura. Wato dai abin da Bature ke ɗauka a hoto a tsakiyar Sahara yana cewa alamar Abzinawa ce, hannun Bakano ne ya rina shi.

Sai dai duk wanda ya san Ƙofar Mata a da, idan ya je yau sai jikinsa ya yi sanyi. Rijiyoyi da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su, masu aikin kuma yawancinsu dattawa ne. Rinin zamani na gwangwani da yadin da ake shigowa da shi daga Sin sun karya kasuwar. Marinan sun gaya mana cewa a da baƙi na zuwa su sayi yadi su ba da na goro, amma tun da aka shiga matsalar tsaro a 2012 ƙafa ta ɗauke, kuma har yanzu ba ta dawo yadda take ba.

Unguwannin da sunayensu ke ba da labari

A ganinmu, babbar dukiyar cikin birnin Kano ba a gidan tarihi take ba, a sunayen unguwanni take. Ga Agadasawa, ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi inda Yarbawa suka zauna, ga Madabo da ake dangantawa da malaman Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Kowane suna shaida ne cewa wasu mutane sun zo daga nesa, an ba su masauki, sun zauna, sun zama 'yan gari. Fasinja kan ambaci waɗannan sunaye sau ɗari a rana, direba ya ce shigo, babu mai tsayawa ya tambayi ma'anarsu.

Da muka iso Sharifai sai muka ce a tsaya, domin a nan ne zumuncin Kano da ƙasar baƙinmu ya fi fitowa fili. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almaghili mutumin Tilimsan ne, a arewacin Aljeriya ta yau. Ya zauna a yankin Tuwat da ke cikin Sahara, daga can ya biyo ta ƙasar Azbin ya iso Kano a wajajen 1492, a zamanin Rumfa. Shi ne ya rubuta wa sarkin littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki, wanda har yau malaman tarihi ke karantarwa. Zuriyarsa da ya bari su ne Sharifan wannan unguwa, kuma daga cikinsu ake naɗa Sidi Fari. Shi kuwa Shehun komawa ya yi Tuwat, a can ya rasu a farkon ƙarni na 16, kabarinsa na Zawiyar Kunta a jihar Adrar.

Bahaushen Tamanrasset ya daɗe a tsaye bai ce komai ba. Daga baya ya gaya mana cewa ya san sunan Shehun tun yana yaro, ya san mutanen da ke zuwa ziyara kabarinsa, amma a duk zuwan da ya yi Kano babu wanda ya taɓa ce masa jikokin wannan bawan Allah suna nan, tafiyar 'yan mintoci daga inda yake sarin atamfa. Mu ma muka duba ko za mu ga wani allo da aka kafa a bakin unguwa mai ɗauke da wannan bayani, ko da layi biyu ne da Hausa da Larabci, ba mu gani ba.

Kasuwar Kurmi dole a sauka a taka, ɗan sahu ba ya shiga. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta, a gefen rafin Jakara, wanda yau ya koma magudanar ruwan datti. Layukanta ƙunci gare su, mutum biyu ba sa jerawa, amma a ciki akwai dukawa masu jakunkuna da takalma, da masu sirdi da linzami da kayan adon doki, da 'yan littattafai, da 'yan koli, da masu kanwa da kayan ƙamshi. Kada kuma a ɓoye, a wannan kasuwa an sayar da bayi, wasunsu an tsallaka Sahara da su ba su dawo ba. Mai nuna wa baƙo gari ya kamata ya faɗi wannan ma, kada ya tsaya ga na daɗin ji kawai.

Muka koma cikin babur muka bi ta Alfindiki da Dandalin Turawa. Yawancin matasa suna ɗauka Turawan Ingila ake nufi, alhali kafin zuwan Nasara, Larabawan arewacin Afirka ake kira Turawa, fatake daga Gadamas da Tarabulus waɗanda suka zauna a nan suna sayen ƙirgi da hauren giwa da gashin jimina da tufafi. Ita kuwa Alfindiki daga kalmar Larabci take, mai nufin masaukin fatake. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya juya fuskar ciniki daga arewa zuwa bakin teku, ayarin raƙuma ya ja baya, gyaɗa ta karɓi gari, inda irin su Alhassan Ɗantata na unguwar Koki suka yi fice. Tsofaffin gidajen ƙasa masu zanko da ado a fuska suna nan jefi-jefi, amma kowace damina sai an rasa wasu, magada su rushe su zuba bulo da kwano. Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba, domin yaɓe duk shekara kuɗi ne, kuma maginan gargajiya sun yi ƙaranci.

A kan Dala

A gindin dutse ɗan sahu ya tsaya, sauran aikin na ƙafa ne, ta matakalar da aka gina. Kano ba garin tsaunuka ba ne, duwatsu biyu ne a cikin ganuwa, Dala da Goron Dutse, amma da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, da ka hau sai gari duka ya kwanta a gabanka: hasumiyoyin Babban Masallaci, rufin kwano iyakar ganinka, da Goron Dutse can yamma. Masu binciken ƙasa sun samu alamun narka tama a nan tun wajajen ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya kawo labarin Barbushe, wanda ke shiga wurin Tsumburbura sau ɗaya a shekara ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru, kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Agadas ya iso Kano a 1851, kuma daga kan wannan dutse ya zana hoton birnin, ya ƙiyasta mazaunansa dubu 30.

Abin takaici shi ne halin da dutsen ke ciki. Zaizayar ruwa tana cin gefensa, gidaje sun matso har jikinsa, ga leda, ga bahaya a wasu kusurwoyi. Babu inuwa, babu wurin zama, babu mai bayani, sai yara da suka biyo mu kowa na ba da nasa labarin Tsumburbura.

A nan ne Ba'abzinen ya ba mu labarin yadda abin yake a wurinsu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Tamanrasset gari ne a kan tudu, a tsakiyar duwatsun Ahaggar, kusan kilomita 400 daga In Gezzam da ke bakin iyakar Nijar, a kan babbar hanyar da ta taso daga Aljiyas ta bi ta Agadas da Damagaram ta shigo Kano. Idan aka kwatanta da Kano, jariri ne, domin a farkon ƙarni na 20 ɗan ƙauye ne. Abin nunawa a cikin garin bai taka kara ya karya ba: ga ginin ƙasa mai kama da ganuwa inda aka kashe malamin Kiristan nan ɗan Faransa Charles de Foucauld a ranar 1 ga Disamba 1916, mutumin da ya rubuta ƙamus na harshen Abzinawa, ga kuma kasuwar Assihar, inda ake jin Hausa kamar a Maraɗi. Sauran duk a waje suke. Akwai dutsen Assekrem mai nisan kusan kilomita 80, inda Foucauld ya gina ɗan ɗakin ibada a 1911, wanda baƙi ke kwana a can don su ga fitowar rana. Akwai Tahat, dutse mafi tsawo a Aljeriya. Akwai kuma kabarin Tin Hinan a Abalessa, wadda Abzinawan Ahaggar ke ɗauka a matsayin kakarsu, wanda aka tona a 1925 aka kai ƙasusuwan gidan tarihi na Bardo a Aljiyas.

Waɗannan wurare ba na babur mai ƙafa uku ba ne, sai Toyota mai ƙarfi. Amma abin lura shi ne, a can direba ba tuƙi kawai yake sayarwa ba. Ya san sunan kowane dutse da labarinsa, ya san inda zanen mutanen da yake a jikin duwatsu, ya iya dafa shayi, ya iya gasa burodi a cikin rairayi, ya iya Faransanci gwargwado. Baƙo na biyan kuɗin mota, amma abin da ke sa ya dawo ko ya turo ɗan'uwansa shi ne bakin direba. Su ma sun ɗanɗana kuɗarsu, domin bayan sace Turawa 32 da aka yi a Saharar Aljeriya a 2003, da tashin hankalin da ya biyo baya a Libiya da Mali, sana'ar ta durƙushe, mutane da yawa suka sayar da motocinsu. Sai a 2023 da gwamnatin ƙasar ta sauƙaƙa bayar da biza a filin jirgi ga masu zuwa kudu ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido, sannan aka fara ganin baƙi suna dawowa. Hukuncin da ya yanke mana a taƙaice shi ne, su suna da masu ba da labari amma garinsu ƙarami ne, mu kuwa muna da gari amma mun bar shi babu mai magana da yawunsa.

Darasi daga Lisbon

Cikin wuraren da aka san wannan sana'a ta zagayawa da baƙi a babur mai ƙafa uku akwai Lisbon, babban birnin Fotugal, wanda ake yi wa kirari da birni mai tuddai bakwai. Tsofaffin unguwanninsa irin su Alfama da Mouraria suna kan gangare, lungunansu a murɗe suke kamar namu, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Musulmi sun mulki birnin har zuwa 1147, sunan Alfama ma daga Larabci yake. A shekarun 2010 aka fara shigo da tuk-tuk don baƙin da ba za su iya hawan tudu a ƙasa ba, direba na tuƙi yana bayani, yana tsayawa a wuraren da ake hango gari da kogi. Matasa da yawa suka samu abin yi.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Baburan sun yi yawa har suka toshe lunguna, suka hana mazauna unguwa sakat da ƙara da cunkoso, wasu direbobin kuma suna ƙirƙiro tarihin da babu shi don su burge baƙo. Sai da hukumar birnin ta yi ta kafa dokoki, har a 2025 ta hana su shiga ɗaruruwan tituna. Wannan ya isa ishara gare mu. Cikin birnin Kano gidajen mutane ne, da matan aure, da makarantun allo, da masallatan unguwa. Ba zai yiwu a kwaso baƙi a riƙa leƙa zaure ana ɗaukar hoton mata da almajirai ba tare da izini ba. Idan za a yi, da masu unguwanni za a fara, su faɗi inda za a bi da inda ba za a bi ba, su kuma san abin da unguwa za ta samu.

Kada kuma a ce sai Turawa sun dawo. Baƙon da muke magana a kai yana nan cikin gari yau. Shi ne ɗan kasuwar Nijar da Chadi da Kamaru da Ghana da ke jiran a ɗaure masa kaya a Kwari, da almajiran ɗariƙa da ke cika gari lokacin Maukibin Ƙadiriyya, da ɗaliban jami'a, da 'yan hidimar ƙasa, da kuma 'ya'yan Kanawa da aka haifa a Nasarawa ko Abuja waɗanda ba su taɓa ganin Kurmi ba. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da ke Gidan Ɗan Hausa ba, tare da malaman tarihi na Jami'ar Bayero da ƙungiyoyin direbobin: a zaɓi matasa masu natsuwa, a koya musu sahihin tarihi na 'yan makonni, a ba su shaida, a tsayar da farashi don kada a cuci baƙo.

Ta fuskar direba ma akwai lissafi. Yawancinsu ba su ne masu baburan ba, kullum sai sun kai balas, ga mai da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023, ga haraji, ga gyara. Namu direban ya lissafa mana da bakinsa cewa yinin da ya yi da mu bai ƙona rabin man da ya saba ƙonawa ba, domin tsayuwa ta fi tafiya yawa, kuma bai yi rigima da kowa a kan canji ba.

Ganuwa

Da la'asar muka sauko muka bi ta Gwammaja, muka leƙa gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, sannan muka zagaya ta gindin Goron Dutse muka nufi Kabuga, ƙofar da sojojin Ingila suka shigo ta cikinta a ranar 3 ga Fabrairu 1903. A wannan hanya ce baƙinmu suka yi ta tambaya ina ganuwar take. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen shekara 900 da suka wuce, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, amma yau a wurare da dama sai dai a nuna maka tudun ƙasa a bayan shaguna a ce nan ta bi. An yanka filaye a jikinta, an ɗebi ƙasarta an yi gini, an mayar da wani sashen juji. Ƙofar Na'isa ma rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Kududdufan da aka haƙa aka gina birnin da ƙasarsu, waɗanda ke shanye ruwan sama, su ma ana ta cike su ana gini, shi ya sa ruwa kaɗan sai ka ga ya shiga gidaje.

Tun 2007 Najeriya ta sa ganuwar Kano da Dala da Kurmi da gidan sarki a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, maganar ba ta wuce nan ba, alhali tsohon garin Agadas ya samu shiga tun 2013. Hawan Sallah na Kano ya samu tasa amincewar a watan Disambar 2024, sai dai rikicin sarautar da ya ɓarke a wannan shekarar ya sa 'yan sanda suka hana hawan a wasu salloli.

Ga mai son ya yi irin wannan zagaye, shawararmu ita ce ya fita da hantsi, ya yi ciniki da direba a gama magana kafin a tashi, ya nemi ɗan cikin birni wanda ya san lungu. Ya tanadi ɗan canji don marina da mabuga, domin lokacin aikinsu yake ci. Ya guji ranar Juma'a da rana, saboda hanyoyin kusa da Babban Masallaci cushewa suke yi. Dala kuma da sassafe ko bayan la'asar ake hawan sa, kuma gara a tafi da ɗan unguwa. Lokacin hunturu ƙura kan rufe gari ba a hango nesa, bayan ɗaukewar damina ya fi. Wanda kuma yake son ya ga dutsen cike da jama'a, sai ya bari sai ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, amma a ranar tun daga nesa zai sallami ɗan sahu ya ƙarasa a ƙasa.